Gwargwado da Lokaci: Aikin Enzayim Masu Isar da Saƙo a Ginin Ƙwaƙwalwar Yaro

Ranar da aka haifi jariri, idan ungozoma ko ma'aikaciyar jinya ta zagaya kansa da tef ɗin awo, abin da takan samu bai cika wuce santimita 35 ba. Ranar da ya cika shekara kuwa, awon ya kai 46 ko kusa da haka. Maɗigarsa, wurin nan mai laushi da iyaye mata ke kaffa-kaffa da shi, ba ta kan rufe sai wajen wata 18, domin ƙashin kai yana bai wa abin da ke cikinsa sarari. Ƙwaƙwalwar jariri ba ta wuce giram 350 zuwa 400 ba, ta baligi tana kai giram 1,300 zuwa 1,400. Wani bincike da aka yi a Jami'ar North Carolina ta Amurka a 2008, ta hanyar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar jarirai, ya nuna cewa girmanta yana ninkawa a shekarar farko kaɗai, sa'an nan ya ƙaru da kashi 15 cikin 100 a shekara ta biyu.

Abin lura shi ne, mafi yawan ƙwayoyin jijiyar da ke ɓawon ƙwaƙwalwa an riga an gama ƙirƙirarsu tun yaro yana ciki. Ƙarin nauyin da ake samu bayan haihuwa yana fitowa ne daga rassan da ƙwayoyin ke fitarwa, da kitsen da ke lulluɓe wayoyinsu, da ƙwayoyin da ke yi musu hidima, da kuma mahaɗai, wato wuraren da wata ƙwayar jijiya ke miƙa wa 'yar'uwarta saƙo. Peter Huttenlocher, likitan ƙwaƙwalwar yara a Jami'ar Chicago, ya yi shekaru yana ƙirga waɗannan mahaɗai da madubin ilektron tun daga ƙarshen shekarun 1970. Ya gano cewa a sashen ji suna kai ƙololuwar yawa wajen wata 3, a sashen gani wajen wata 8, a goshin ƙwaƙwalwa kuma sai bayan wata 15. Daga nan sai su fara raguwa, raguwar da ba ta tsayawa sai bayan balaga. Ke nan ƙwaƙwalwa takan gina fiye da abin da za ta riƙe, ta kuma rushe wani kaso. Manomin gero ya san irin wannan: yakan zuba ƙwaya da yawa a rami guda, idan ta tsiro sai ya bi ya rage, ya bar masu ƙwari.

To, me ke yanke shawarar wace mahaɗa za ta zauna, wacce za ta tafi? Abin da yaro ke gani da ji da taɓawa yana da hannu, amma haske da sauti ba sa shiga cikin ƙwaya da kansu. Dole a sami wani abu a ciki da zai mayar da motsin daƙiƙa guda ya zama gini mai ɗorewa. Wannan aikin na wasu furotin ne da ake kira enzayim masu isar da saƙo.

Ɗora fosfet da cire fosfet

A tsakiyar shekarun 1950, Edmond Fischer da Edwin Krebs suna nazarin yadda tsokar zomo ke warware sukarin da ta adana, a Jami'ar Washington da ke Seattle. Sai suka gano cewa enzayim ɗin da ke wannan aiki yana tashi idan aka liƙa masa wani ɗan ƙunshin sinadari mai suna fosfet, yana kwantawa idan aka cire. Mai liƙawa shi ne kinas, mai cirewa shi ne fosfatas. An ba su lambar yabo ta Nobel a 1992, bayan da ta bayyana cewa kusan kowane lungu na jiki da wannan dabara yake tafiya. Paul Greengard ya nuna cewa ƙwayoyin jijiya ma haka suke, shi ma ya sami Nobel a 2000. Ƙididdigar da aka wallafa a 2002 ta nuna ɗan Adam yana da kinas iri 518.

Fosfet ƙaramin abu ne, amma yana ɗauke da cajin lantarki, don haka idan ya sauka a kan furotin sai ya sauya masa siffa. Furotin da ke a naɗe ya buɗe, wanda ke zaune a wuri guda ya tashi ya koma wani, wanda ba ya kula maƙwabcinsa ya kama shi. Kuma kinas guda yakan kunna wani kinas, shi ma ya kunna na gaba, ta yadda ɗan ƙaramin saƙo a bakin ƙwaya zai iya isa har cibiyarta ya tayar da ƙwayoyin gado.

A cikin ƙaya guda

Idan aka duba reshen ƙwayar jijiya da madubi mai ƙarfi, za a gan shi cike da 'yan tsirarrun ƙayoyi, kowace ba ta wuce maikuron ɗaya ko biyu ba, wato kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na milimita. Wasu sirara ne dogaye, wasu suna da kai mai faɗi da siririn wuya. A kan kowace ƙaya akwai mahaɗa. Ƙwayar da ke aiko saƙo tana fesa sinadarin gulutamet, ita kuma ƙayar tana da ƙofofi iri biyu da ke amsa shi. Ƙofar AMPA tana buɗewa nan take. Ƙofar NMDA kuwa, kamar yadda aka gano a 1984, a toshe take da magniziyam, kuma toshiyar ba ta fita sai ƙwayar da ke karɓar saƙon ita ma tana cikin motsi a daidai wannan lokaci. Saboda haka ƙofar NMDA ba ta buɗewa sai ɓangarorin biyu sun yi aiki tare. Idan ta buɗe, kalshiyam ne ke kwarara ciki.

A ƙwaƙwalwar jariri, mahaɗai da yawa ƙofar NMDA kawai gare su, babu AMPA. Ƙungiyoyin bincike biyu ne suka tabbatar da samuwar irinsu a 1995, suka kira su mahaɗai shiru, domin saƙo yana zuwa amma ba a jin amsarsa. Yadda mahaɗa shiru ke samun murya shi ne tushen abin da muke kira koyo a farkon rayuwa.

Kalshiyam ɗin da ya shigo yana kama wani ƙaramin furotin, kalmodulin, wanda ke da gurbi huɗu dominsa. Shi kuma kalmodulin ya je ya tayar da kinas mai suna CaMKII. Wannan kinas ya cancanci a tsaya a kansa. Yawansa a hifokamfus, sashen da ke kula da sabon tuni, ya kai kusan kashi 2 cikin 100 na dukkan furotin ɗin wurin, yawan da ya yi wa enzayim na yau da kullum nisa. Kuma ba shi kaɗai yake zama ba: guda 12 ne ke haɗuwa su yi zobe biyu, shida bisa shida. A 1986, Stephen Miller da Mary Kennedy a Caltech suka nuna cewa idan kalshiyam ya tayar da wannan zobe, 'yan zoben sukan ɗora wa juna fosfet, kuma daga nan kinas ɗin ya ci gaba da aiki ko da kalshiyam ya janye. Wurin da ake ɗora fosfet ɗin shi ne amino asid na 286 a jerin ginin furotin ɗin. John Lisman na Jami'ar Brandeis ya riga ya yi hasashe a 1985 cewa kinas mai kunna kansa zai iya zama ma'ajin tuni.

Gwaji ya biyo baya. A 1992 Alcino Silva, a ɗakin binciken Susumu Tonegawa, ya samar da ɓerayen da aka cire musu ƙwayar gadon wannan kinas. Sun rayu, suna ci suna sha, amma mahaɗansu ba sa ƙara ƙarfi yadda ya kamata, kuma sun sha wahalar koyon inda tudun tsira yake a cikin kwatarniyar ruwan gwaji. A 1998 Karl Peter Giese ya sauya amino asid na 286 shi kaɗai, ya bar sauran furotin ɗin yadda yake, sakamakon ya fito kusan iri ɗaya. A 2004 kuma ɗakin binciken Haruo Kasai a Japan ya yi amfani da hasken leza ya saki gulutamet a kan ƙaya ɗaya tal, aka ga kanta ya kumbura cikin mintuna, maƙwabtanta ba su motsa ba, kuma idan aka hana CaMKII aiki kumburin ba ya ɗorewa.

Hasashen Lisman bai tsaya yadda ya faɗe shi ba. A 2009 ɗakin binciken Ryohei Yasuda ya auna tsawon lokacin da kinas ɗin ke zama a kunne cikin ƙaya guda, aka ga bai wuce minti ɗaya ba. Wani aiki na 2023 daga ɗakin binciken Ulrich Bayer a Colorado ya ƙara nuna cewa manne wa ƙofar NMDA da CaMKII ke yi da jikinsa yana da muhimmanci ƙwarai wajen ƙarfafa mahaɗa, ban da ɗora fosfet a kan wasu. A ganina wannan ya bayyana dalilin yawansa: enzayim ne, amma kuma tubali ne.

Abin da ya shafi yarinta kai tsaye shi ne cewa nau'in CaMKII da ya fi yawa a ɓawon ƙwaƙwalwa kaɗan ne a lokacin haihuwa, yana hauhawa ne a makonnin farko na rayuwar ɓera. A 2003 ɗakin binciken Robert Malenka ya nuna cewa kafin ɗan ɓera ya kai kwana 9, wani kinas daban, PKA, shi ke ƙarfafa mahaɗai a hifokamfus, daga baya CaMKII ya karɓi aikin. Hollis Cline kuma ta bi ƙwayoyin jijiya a ƙwaƙwalwar talibambam mai rai a 1998. Ta ga ƙwaya matashiya tana miƙa rassa tana janyewa babu tsayawa, sai CaMKII ya yawaita a cikinta sa'an nan ta natsu. Da aka cusa mata kinas ɗin da wuri sai rassanta suka daina yaɗuwa tun ba su cika ba. Da aka hana shi aiki a ƙwayar da ta girma sai ta ci gaba da fitar da rassa fiye da ƙima. Ashe zuwan kinas ɗin da wuri ɓarna ne, zuwansa a makare ma ɓarna ne.

Masu rushewa

Kalshiyam ɗin da ke gina mahaɗa shi ne kuma ke raunana ta. Bambancin yana ga yawansa da yadda ya shigo. Idan aka zaburar da mahaɗa sau 100 cikin daƙiƙa guda, kalshiyam yakan shigo da ƙarfi, CaMKII ya tashi, a ƙara ƙofofin AMPA. Tim Bliss da Terje Lømo ne suka fara bayyana irin wannan ƙarfafuwa a 1973, daga gwajin da suka yi kan zomaye a Oslo. Idan kuwa aka zaburar da ita sau ɗaya a kowace daƙiƙa har minti 15, kamar yadda Serena Dudek da Mark Bear suka yi a 1992, kalshiyam kaɗan-kaɗan yake shigowa. Wannan bai isa ya tayar da CaMKII ba, amma ya ishi wani fosfatas mai suna kalsinurin, wanda ɗan kaɗan ke farkar da shi. Sai a cire fosfet, a janye ƙofofin AMPA, ƙayar ta tsuke, wata ma ta ɓace.

An fi ganin tasirin wannan a ido. A 1963 David Hubel da Torsten Wiesel suka rufe ido ɗaya na 'ya'yan kyanwa tun suna ƙanana. Da aka buɗe bayan watanni, idon lafiya lau yake, amma ƙwayoyin sashen gani kusan duk sun daina amsa masa, ɗaya idon ya mamaye gurbinsa. Babbar kyanwa kuwa da aka yi wa haka, babu abin da ya same ta. A 1970 suka fayyace cewa haɗarin yana farawa ne daga mako na huɗu, ya ja baya wajen wata uku. Shekaru 30 bayan haka aka soma gano enzayim ɗin da ke ƙarƙashin lamarin: idan aka toshe PKA, ko wani kinas mai suna ERK, ko aka hana CaMKII ɗora wa kansa fosfet, rufe ido ba ya sauya sashen gani yadda ya saba. A 2003 kuma aka nuna cewa rufe idon ɗan ɓera na kwana ɗaya ya isa a ga an cire fosfet daga ƙofofin AMPA. Wannan ne ya sa likitocin ido ke gaggawa idan aka haifi jariri da yana a ido ɗaya. Sun fi son a yi aikin kafin ya wuce mako 6, domin idan aka jinkirta shekaru, ko an share yanar sarai, ƙwaƙwalwa ta riga ta raba gurbin idon ga ɗan'uwansa. Uwar da ta ga fari a ƙwayar idon jaririnta, ko da kwanansa bakwai, asibiti za ta nufa a ranar.

Misali mafi tsabta na ragewa yana cikin ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, mai daidaita motsin jiki, wadda a shekarar farko ta ɗan Adam girmanta ke ƙaruwa da kashi 240 cikin 100. Akwai manyan ƙwayoyi a cikinta da ake kira da sunan Purkinje. A ɗan ɓera sabon haihuwa, wayoyi masu hawa da yawa ne ke kama kowace ƙwaya. Kafin ƙarshen mako na uku, ɗaya ce ke ragewa. A 1995 Masanobu Kano da abokan aikinsa suka cire kinas mai suna PKC-gama, daga dangin da Yasutomi Nishizuka ya gano a Kobe a 1977. Kusan kashi 40 cikin 100 na ƙwayoyin Purkinje suka girma da waya fiye da ɗaya, ɓerayen kuma suka tashi suna tangaɗi.

Girman kai

Wata hanya daban ce ke kula da girman ƙwayar kanta. Labarinta ya faro daga ƙasar da wata tawagar Kanada ta ɗebo a tsibirin Rapa Nui a 1964. Daga ƙwayar bakteriya da ke cikin ƙasar aka samo maganin rafamaisin. A 1991 Michael Hall a Basel ya gano furotin ɗin da maganin ke kamawa a cikin yis, a 1994 aka samu irinsa a dabbobi masu shayarwa, aka kira shi mTOR. Kinas ne da ke tattara labari daga wurare da yawa: ko akwai amino asid, ko akwai ƙarfi, ko sinadaran girma irin su BDNF sun iso. Idan amsar ta gamsar da shi sai ya buɗe hanyar ƙera furotin, ya kuma dakatar da aikin da ƙwaya ke yi na narkar da tsofaffin kayanta.

Kafin saƙo ya kai gare shi yana bi ta PI3K da AKT, kuma akwai masu taka masa birki. Ɗaya shi ne PTEN, fosfatas da aka gano a 1997 a binciken ciwon daji. Wasu biyun su ne TSC1 da TSC2. Idan PTEN ya raunana, ƙwayoyin jijiya sukan yi ƙato, rassa su yi kauri, ƙayoyi su yi yawa. A 2005 aka samu sauyi a ƙwayar gadon PTEN a wasu yara masu otizim da kansu ya yi girma ƙwarai, a 2006 kuma aka ga irin haka a ɓeraye. A 2012 aka gano cewa yaran da rabin ƙwaƙwalwarsu ya fi ɗayan girma, masu fama da farfaɗiyar da ba ta jin magani, suna ɗauke da sauyi a PI3K ko AKT3 ko mTOR a wani kaso na ƙwayoyin wannan rabin kawai. A ɗaya gefen, ɓeran da aka cire wa AKT3 ƙwaƙwalwarsa takan ragu da kusan kashi 20 cikin 100.

Haka abin yake ga DYRK1A, kinas da ƙwayar gadonsa ke kan kuromosom na 21. An fara ganinsa a ƙuda a 1995, inda rashinsa ke ƙanƙantar da ƙwaƙwalwa. Yaron da ya rasa kwafi ɗaya cikin biyu yakan tashi da ƙaramin kai da jinkirin magana. Mai larurar Down kuma kwafi uku gare shi, kuma ana ɗaukar wannan ƙari cikin abubuwan da ke kawo masa wahalar koyo. Kwafi biyu ne daidai, ɗaya ya yi kaɗan, uku sun yi yawa.

A 2014 ɗakin binciken David Sulzer a Jami'ar Columbia ya haɗa girma da ragewa wuri guda. Sun ƙirga ƙayoyi a ƙwaƙwalwar yara da matasan da suka rasu. A waɗanda ba su da otizim, ƙayoyi sun ragu da kusan rabi daga yarinta zuwa samartaka, a masu otizim kuwa da kashi 16 cikin 100 kawai, kuma an ga alamar mTOR yana aiki fiye da ƙima. Ƙwaƙwalen da aka bincika ba su kai 50 ba, kuma otizim yana da tushe da yawa, don haka bai kamata a ɗora wa wannan aiki nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Amma ya dace da abin da ɓeraye suka nuna.

Ko ana iya gyarawa daga baya?

A nan ne ilimin ya taɓa iyaye. Cutar da ke fitowa daga lalacewar TSC1 ko TSC2 tana kama kusan jariri 1 cikin 6,000, tana kawo farfaɗiya da ƙari a ƙwaƙwalwa da ƙoda, sau da yawa da jinkirin koyo. A 2008 Dan Ehninger da Silva suka bai wa manyan ɓeraye masu wannan larura rafamaisin na 'yan kwanaki, sai koyonsu ya gyaru. Wannan ya tayar da fata sosai, domin yana nufin matsalar ba duka a ginin da ya wuce take ba, wani kaso yana cikin aikin enzayim na yau. A mutane, ɗan'uwan maganin mai suna everolimus ya rage ƙarin ƙwaƙwalwa, aka amince da shi a Amurka a 2010. Gwajin 2016 ya nuna yana rage farfaɗiya. Amma gwaje-gwaje biyu da aka wallafa a 2017 da 2019, kan yaran da suka riga suka wuce shekarun farko, ba su nuna ya inganta fahimta ko koyo ba. Makamancin haka ya faru da cutar NF1, mai kama mutum 1 cikin 3,000, inda birkin hanyar saƙo ta wani furotin mai suna Ras da kinas ɗin ERK ke lalacewa: maganin rage kitsen jini ya gyara koyon ɓeraye a 2005, gwajinsa a yara bai ba da wannan sakamako ba.

Furotin ɗin SynGAP ya fi kowa haska dalilin. Ɗakunan binciken Kennedy da Richard Huganir ne suka gano shi a 1998. Yana zaune a cikin ƙaya yana danne Ras, sai CaMKII ya ɗora masa fosfet sa'an nan ya kauce ƙayar ta girma. A 2009 aka gano cewa rasa kwafi ɗaya na ƙwayar gadonsa yana kawo naƙasar fahimta a yara. A 2012 ɗakin binciken Gavin Rumbaugh ya duba ɓeraye masu wannan rashi, ya tarar ƙayoyinsu sun nuna da wuri, wajen ƙarshen mako na biyu, tun kafin lokacinsu. Da aka cire ƙwayar gadon bayan ɓera ya girma, illar kaɗan ce. Da aka mayar wa babban ɓeran da ya tashi da rashin, ɗabi'unsa da koyonsa ba su dawo ba, ko da yake wani aikin nasu na 2019 ya nuna farfaɗiya da wani ɓangare na tuni suna iya gyaruwa.

Fahimtata ita ce enzayim ɗin nan aiki biyu suke yi a lokuta biyu. A yarinta suna shata wa mahaɗai inda za su zauna, a sauran rayuwa suna daidaita ƙarfinsu kullum. Magani a shekara goma zai iya taɓa aiki na biyu, shi ya sa farfaɗiya ke sauƙi. Na farkon ya riga ya wuce. Duk wanda ya yi wa iyaye alkawarin ƙwayar da za ta mayar da hannun agogo, ya faɗi abin da gwaji bai tabbatar ba. Wanda kuma ya ce musu babu sauran abin yi, shi ma ya kauce, domin mahaɗai ba sa daina sauyawa har tsufa, kuma horo da koyarwa suna bi ta waɗannan enzayim ɗin ne.

Dalma a gurbin kalshiyam

Duk wannan tsari ya dogara ne a kan ƙwaya ta iya bambanta kalshiyam mai yawa da kaɗan. Akwai ƙarfen da ke ɓata wannan awo, kuma mun san shi a ƙasar Hausa sani mai ɗaci. Dalma tana da caji irin na kalshiyam, tana zama a gurbinsa a kan kalmodulin. A 1988 Jasna Markovac da Gary Goldstein suka nuna cewa tana tayar da PKC a adadin da ya yi ƙasa ƙwarai da wanda kalshiyam ke buƙata. Kuma tana danne ƙofar NMDA. Ke nan a lokaci guda tana rage saƙon gaskiya a bakin ƙofa, tana kuma kunna enzayim a ciki ba tare da wani saƙo ya zo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hanjin ƙaramin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba ke tsotsewa, kuma babu adadin da aka sani mara illa.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mutuwar yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Ana kawo duwatsun zinariya cikin gida, a daka su a turmi ko a niƙa a injin niƙa, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dutsen cike yake da dalma, ƙurar ta bi ƙasa da tabarma da kwanon abinci da yatsun da yaro ke kaiwa baki. Aƙalla yara 400 ne suka rasu. Binciken gida-gida da aka yi a ƙauyuka biyu ya nuna cewa yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara 5 sun rasu cikin shekara guda, kuma kashi 97 cikin 100 na waɗanda aka auna jininsu sun kai ko sun wuce maikurogiram 45 a kowace desilita, matakin da ake fara ba da maganin fitar da dalma. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Da yawa cikin dubban da suka rayu a Zamfara kuma sun sha wannan guba ne a daidai watannin da Huttenlocher ya nuna mahaɗai suna kai ƙololuwa. Ban da ma'adinai, akwai tozalin da ake yi da dutsen dalma a zizara wa jarirai. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston da dalma ta hau a jininsa, aka auna tozalin da ake sa masa aka samu fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce.

Maganin fitar da dalma yana ceton rai idan gubar ta yi tsanani, kuma ya ceci rayuka da yawa a Zamfara. Amma wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2001, kan yara 780 masu dalma tsakanin maikurogiram 20 da 44 a kowace desilita ta jini, ya nuna maganin ya saukar da ita a jini ba tare da ya ɗaga sakamakon gwajin basira ba. A gefe guda, Tomás Guilarte na Jami'ar Johns Hopkins ya nuna a 2003 cewa 'ya'yan ɓeran da suka sha dalma, idan aka rene su cikin 'yan'uwa da kayan wasa da wurin hawa da sauka, koyonsu yana farfaɗowa, BDNF da ƙofar NMDA su ma suna ƙaruwa. Gwajin ɓera ne, amma ya isa hujjar a nema wa yaran ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma da Abare makaranta da kulawa ta musamman, ba awon jini kaɗai ba.

A Bagega, ƙauyen da ya fi girma cikin waɗanda abin ya shafa, likitoci ba su iya fara ba da magani ba har sai da aka saki kuɗin aikin share ƙasa a farkon 2013. Dalilinsu shi ne yaron da aka fitar wa dalma aka mayar da shi tsakar gidan da ya sha ta, zai sake shan ta cikin makonni. Sai da aka kankare saman ƙasa gida-gida, aka kwashe ta zuwa ramin binnewa, aka zuba sabuwa, sa'an nan aka fara kiran iyaye su kawo yara a auna su.